Yadda Tasi'u Manaja Ya Taya Iska Aiki

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar gindin darbejiyar ƙauyenmu ya san Tasi'u Manaja, ko yana so ko ba ya so. Wata bakwai ya yi a birnin Kano yana buɗe wa motoci ƙofa a wani ofishin inshora, ya dawo mana da fayil a hammata da biro biyu a aljihun gaba, kuma tun daga ranar babu zancen da za a ɗauko a garin nan bai ce ya san cikinsa ba. Akuya ta mutu, ai da an yi mata inshora. Rijiya ta rufta, ai da an tambaye shi. Mu muka laƙaba masa Manaja don tsokana, shi kuwa ya karɓe hannu bibbiyu, har yana amsawa kafin a gama kiran. Ni Muntaka katangarmu ɗaya da shi, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. A idona aka yi, wani ma a jikina aka yi shi.

Ƙauyenmu yana bayan Tofa, gida na jikin gona, gona na jikin gida. Kowace shekara farkon damina sai iska ta zo ta gaishe mu kafin ruwa, shi ya sa duk rufin kwanon da ka gani a nan akwai duwatsu da guntayen bulo da tsohuwar taya a kansa. In duk da haka ta yi gaba da rufin wani, ba a jira ya roƙa. Da gari ya waye maza za su bi gonaki su tsinto kwanon, a yi gayya a mayar masa kafin wani hadarin ya haɗu. Haka muka taso muka tarar, kuma ba wanda ya taɓa jin haushin hakan sai Tasi'u.

A shekarar da nake ba da labari, wani kamfani mai suna Garkuwar Gida ya zo ta hannun ƙungiyar manoma da tsarin inshorar gidaje irin na taimakekeniya, wanda malamanmu suka duba suka ce ba laifi. Muna ta jan ƙafa muna tambaye-tambaye, Tasi'u ya ture mu ya sa hannu, ya ce wa ma'aikacin kamfanin ba sai ya yi masa bayani ba, shi ɗan gida ne. Ɗakin matarsa Furera ya yi wa rajista. Rufin ɗakin nan tun na mahaifinsa ne, ya yi tsatsa ya koma ja, in ana ruwa roba uku Furera take jerawa, ta huɗun ta kife a kan keken ɗinkinta, domin a ɗakin take yi wa matan gari ɗinki. Shekara biyu tana roƙonsa ya sayo falle biyar kacal a sauya waɗanda suka huje. Sai ga shi ya zo majalisa yana shelar cewa bana zai yi mata rufin dogon kwano shuɗi irin na manyan gidajen birni, kuma ko ƙusa ɗaya ba zai saya ba.

Muka tambaye shi ta yaya. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya da tausayi, ya ce abin ai a fili yake: iska ta ɗauke tsoho, kamfani ya kawo sabo. Wanda bai zauna a ofis ba ne kawai zai ga wuyar abin.

Sai dai kamfanin yana da sharaɗi. Kafin su karɓi ɗaki, dole kafinta mai takardar shaidar sana'a ya duba rufin, ya ɗaure katakon da jikin gini da langa-langa kamar yadda ƙa'idar gini ta tanada, ya sa hannu. A garinmu mutum ɗaya ne mai irin wannan takarda, Iliyasu kafinta, mutumin da ba ya dariya kuma ba ya barin ƙusa a karkace. Ya hau ya ɗaure rufin nan tamau, ya sa hannu, ya sauko. Tasi'u ya ce wannan duk cika takarda ne kawai, iska ba ta san langa-langa ba.

Furera ta yi sakandare, kuma ita kaɗai ce a gidan ta karanta takardar, shafi huɗu, har da ƙananan rubutun ƙasa. Ta katanga na ji tana gaya masa cewa kamfanin gyara yake yi, irin abin da ya lalace shi ake mayarwa, babu inda aka ambaci shuɗi. Ta ce kuma akwai wani abu a shafi na uku da ya kamata ya ji. Bai bari ta ƙarasa ba.

"Ke takarda kika karanta," in ji shi. "Ni a ofishin na zauna."

"A ƙofarsa dai, Malam," in ji Furera, ta ci gaba da taka kekenta.

Washegari ya hau rufin ya fara jefo duwatsun ƙasa don kada su hana iska aikinta. Wani guntun bulo ya tsallako gidana ya fasa kaskon da kajina ke shan ruwa. Na leƙa na yi masa magana, ya ce in rubuta in kawo masa, zai duba ko kaskon yana da inshora. Tsohuwar tayar ma ya gangaro da ita, ta bi lungu a guje ta tarwatsa tumakin mai unguwa.

Kwana shida bayan nan hadarin farko ya taso da hantsi. Kowa ya shige ɗaki yana salati, ban da Tasi'u, wanda na hango ta tagar ɗakina a tsaye a tsakar gida, riga na kaɗawa, yana yi wa iska nuni da hannu kamar mai gyara wa direba tsayuwa. Iskar ta kwashe rufin gida biyar, ta haɗa da rumfar masallaci da madafar gidana. Rufin Furera ko motsi bai yi ba. Da aka lafa mutane suka riƙa shiga suna yi masa barka da arziki, yana amsawa da muryar mai karɓar gaisuwar mutuwa. A wajen gayyar da muka yi wa masu ɓarna kuwa, in ya ɗauko fallen kwanon wani daga gona sai ya tsaya ya yi ajiyar zuciya, ya ce wasu dai da sa'a suke, ga shi ba su da takarda.

Daga nan ya gane langa-langar Iliyasu ce matsalarsa. Ya saci idon mutane ya hau da hama, ya warware ɗauri biyu, ya zare ƙusoshin gefen gabas inda iska ke fara bugu. Ranar kasuwar Rimin Gado ya tafi cin kasuwa, Iliyasu ya zo wucewa ya ga langa-langa na reto. Bai tambayi kowa ba, ya ɗauko tsani, ya mayar, ya ƙara ƙusa biyu. Tasi'u ya dawo ya sake zarewa. Iliyasu ya sake mayarwa. A karo na uku Tasi'u ya fara zargin ko ba mutane ba ne, ya je wurin limaminmu Malam Abdulmumini ya ce rufinsa yana ɗaure kansa da kansa, kuma tunda ya zo, yana so a taimaka masa da addu'a iska ta biyo ta gidansa. Malam ya ce shekara talatin yana jan roƙon ruwa, ba a taɓa kawo masa roƙon iska ba, balle iska mai adireshi. Ya ba shi shawara ya je ya yi istigfari.

A karo na huɗu ya laɓe a bayan rumbu ya kama Iliyasu a kan tsani.

"Wa ya aike ka?"

"Hannuna ne a takardar."

"Rufina ne."

"Sunana ne," in ji Iliyasu, ƙusa a baki. "In ya tashi, ba cewa za a yi rufin Tasi'u ya tashi ba, cewa za a yi aikin Iliyasu ya tashi."

Tasi'u ya ce zai kai shi ƙara. Iliyasu ya tambaye shi me zai ce wa alƙali, ya kama mutum yana gyara masa ɗaki kyauta? Ya buga ƙusar ƙarshe ya sauko ya saɓa tsaninsa ya tafi.

To, abin da Tasi'u ya kasa yi da hama, Allah ya yi shi ranar wata Litinin bayan la'asar. Iskar ranar ban ga irinta ba tun ina saurayi. Ta karya reshen darbejiyar majalisa, ta ɗaga rufin Furera da katako da langa-langa da aikin Iliyasu gaba ɗaya, ta tsallake katanga da shi, ta watsa shi a gonar geron Malam Abdulmumini da ke bayan gidajenmu. Ruwa kuwa ɗan yayyafi aka yi. Na fito a guje don in yi jaje, na tarar da Tasi'u a tsakar gida baki har kunne yana kallon sama ta inda rufi yake dā, Furera kuma tana jan keken ɗinkinta zuwa zaure, idanunta sun yi ja. Gaskiya ta ba ni tausayi, domin kayan ɗinkin mutane ne cike da ɗakin.

Da sassafe ranar Talata ya ari babur ya nufi Kano. Furera ta ce ai akwai lambar waya a takardar, ya ce manya ba a yi musu waya, ido da ido ake yi. Ya bar mata saƙo ɗaya: kada kowa ya taɓa komai sai jami'in kamfani ya zo ya gani.

Ita kuwa ta dubi gabas ta ga sama ta fara nauyi. Ta ɗauki wayarta ta zagaya, ta ɗauki hoton ɗakin ciki da waje, da katakon da ya tsage, da langa-langar da ta tsinke, ta bi har gonar Malam ta ɗauki hoton kwanon a inda iska ta yar da shi. Tana dawowa ta tarar da mu a ƙofar gida, mu kusan ashirin, da hama da tsani, kamar yadda aka saba. Ta gaya mana saƙon maigidanta, sannan ta ce amma ita ta karanta takardar, mu yi aikinmu. Ba mu nemi ƙarin bayani ba. Iliyasu ya ja gaba, ransa a ɓace don aikinsa ya tashi, ya rantse wannan karon sai dai iska ta ɗauki ɗakin har da harsashi. Malam Abdulmumini ya kawo sabon kwano falle biyu da suka rage daga gyaran masallaci. Ni na kawo ƙusa, na kuma buga wa babban yatsana hama har farce ya yi baƙi. Aka miƙe waɗanda suka lanƙwashe, aka toshe ɓuli, aka jera duwatsu, aka mayar da tayar. Furera ta dafa mana ɗanwake. Kafin azahar ɗakin ya rufu, kuma da aka watsa bokitin ruwa a sama don gwaji, ko ɗigo bai sauko ba. Rabon ɗakin nan da haka tun kafin a kawo Furera gidan.

Da la'asar Tasi'u ya dawo yana danna hon tun daga bakin gari. Ya tsaya a majalisa ya sanar cewa ya gana da manya, ranar Alhamis za a turo jami'i, kowa ya shirya ganin mota cike da kwano shuɗi. Muka yi murmushi muka raka shi gida don ya ga abin arzikin da muka yi masa. Ya ɗaga kai ya ga rufi. Ya sauke kai, ya murza ido, ya sake ɗagawa.

Ban taɓa ganin an yi wa mutum alheri ya yi irin wannan kukan ba. Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce mun ɓata masa shaida, mun yi masa zagon ƙasa, hassada ce ta sa muka rufe masa ɗaki. Ya ce da a birni ne da duk mun kwana a hannun hukuma. Na nuna masa yatsana, ya ce ai hakkinsa ne ya kama ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce to a mayar mini da ƙusoshina, ya ce zan same su. Ban san da gaske yake ba.

Furera ta fito da waya a hannu ta ce, "Malam, akwai hoto, shafi na uku ya ce..."

"Hoto?" in ji shi. "Manya ba sa aiki da hoto. Ɓarna suke so su taka da ƙafarsu."

Ta mayar da wayar cikin zaninta ta koma ciki.

Ranar Laraba kowa ya fita noman farko, gari ya zama babu kowa sai kaji, Furera kuma ta tafi gidan suna a Tofa. Ni yatsana ya hana ni riƙe fartanya, ina gida, saboda haka ni kaɗai na ga abin da ya faru a gidan. Da hantsi na ji ƙarar kwano, na leƙa, sai ga Manaja a kan rufi yana kwance aikinmu. Na yi masa magana ya ce in shiga harkata, yana mayar da shaida yadda take ne. Aikin Iliyasu ba ya kwantuwa da sauƙi. Ƙusa ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Wajen azahar ƙafarsa ta zame tsakanin katako biyu, ya rufta har ƙugu, wandonsa ya maƙale a ƙusa, ya yi ta wutsil-wutsil kamar kazar da aka rataye a kasuwa. Ni na zagaya na turo shi sama ta ƙasa, da hannu ɗaya, kuma ko sannu bai ce mini ba.

Sai dai Tasi'u, duk da manajancinsa, ɗan ƙauyenmu ne, kuma ɗan ƙauyenmu ba ya yar da ƙusa. Duk wadda ya zare sai ya ɗora ta a kan dutse ya miƙe ta da hama, ya jefa a gwangwanin madara. Ya ajiye gwangwanin a kan taga. Langa-langar ma ya naɗe ta tsaf ya rataye a ƙusar bango. Sannan ya riƙa ɗaukar kwanon falle-falle a ka zuwa gonar Malam, yana taka gero, bai lura Malam na can ƙarshen gonar yana noma ba, yana watsawa nan da can, yana ja da baya yana dubawa ko ya yi kama da aikin iska. Ya gama ke nan ya ga ganyen bishiya ya fara kaɗawa. Gabansa ya faɗi, kada iska ta kwashe masa shaida kafin gobe. Ya koma gida ya kwaso duwatsun nan, ya danne kowane falle da guda biyu, na tsakiya ya ɗora masa taya.

Furera ta dawo kafin magariba ta ga ɗakinta a buɗe a karo na biyu cikin kwana uku. Ba ta tsaya faɗa ba. Ta kira matata suka kwashe keken ɗinki da gado da akwatuna da kayan mutane, suka shigar ɗakin Tasi'u, suka fito masa da tabarmarsa da fayil ɗinsa suka ajiye a ɗakin da babu rufi. Ta ce za ta zauna a can har kwano shuɗi ya iso. Ya ce ba komai, kwana ɗaya ne.

Ranar Alhamis ya sa babbar riga, ya bi gida-gida yana gayyata a zo a ga yadda ake magana da manya. Gari ya taru, har da waɗanda suka baro noma. Mota ta iso, babu kwano a bayanta, aka buɗe ƙofa sai ga wata matashiya da hijabi da takalmin aiki, da abin awo a hannu. Ta yi sallama ta ce sunanta Ramlat, ita ce mai duba ɓarna. Tasi'u ya leƙa cikin motar ko akwai wani babba a baya. Da ya ga babu, ya gyara riga ya ce mata shi ma tsohon ma'aikacin inshora ne, saboda haka aikin ba zai ɗauke su lokaci ba, ta rubuta shuɗi kawai. Ta ce to Baba, bari dai ta duba.

Ta hau tsani ta daɗe tana shafa katako. Ta sauko ta tambaye shi yaushe iskar ta yi, ya ce Litinin. Ta ce abin mamaki, ramukan ƙusar nan duk a zagaye suke sumul, alhali iska yaga take yi. Ya ce iskar garin nan daban ce, tana da natsuwa. Ta juya ta ga gwangwanin madara a kan taga, ta ɗauka ta girgiza.

"Waɗannan fa, Baba?"

"Tsinta na yi."

"A miƙe kuka tsince su?"

"Na gyara su. Ai ba a yar da ƙusa."

Ta ce haka ne, ta dubi langa-langar da ke rataye a naɗe, ta rubuta wani abu. Wani a bayana ya fara tari irin na mai danne dariya. Ni kuwa na gane ƙusoshina a cikin gwangwanin.

Aka ɗunguma zuwa gona. Ga kwano a baje, kowane falle da dutse biyu a kansa, na tsakiya da taya. Ramlat ta tsaya ta kalla, ta kalli Tasi'u, ta tambaya a hankali ko iskar ce ta ɗora duwatsun bayan ta gama. Ya yi wuƙi-wuƙi, ya ce wataƙila masu wucewa ne. Ta tambayi ko gonar wace ce, Malam Abdulmumini ya matso. Ta ce masa ko ya ga lokacin da kwanon ya zo gonarsa. Tasi'u yana ta ƙifta masa ido, amma liman ba zai yi ƙarya a gaban jama'arsa ba.

"Sau biyu ya zo, 'yata," in ji Malam. "Ranar Litinin iska ta kawo shi, ranar Laraba Tasi'u ya kawo shi. Na iskar bai taka mini gero ba."

Nan majalisa ta fashe. Iliyasu ma, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba, sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Ana cikin haka Furera ta ratso mutane, ta gaida jami'ar, ta miƙa mata waya. Ramlat ta yi ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ta sauya. Ta ce wannan ɓarnar iska ce ta gaske, ga langa-langa a tsinke, ga ranar da aka ɗauka a jiki, ga kuma sa hannun kafinta a fayil ɗinsu. Ta ce shafi na uku ya yarda mai gida ya ɗauki hoto ya rufe ɗakinsa don kada ruwa ya ƙara ɓarna. Da an bar rufin da jama'a suka yi aka nuna mata hotunan nan, da yau ta sa hannu kamfani ya biya kwanon da katakon da aikin kafinta, ba shuɗi ba dai, amma sabo. Yanzu kuwa abin da aka kira ta ta gani aikin hannun mai gida ne, kuma shafi na huɗu ya ce wanda ya shirya ɓarna da kansa ya nuna, takardarsa ta mutu gaba ɗaya.

Furera ta dubi mijinta ta ce, "Shafi na ukun ke nan, Malam. Sau biyu na ɗauko maka shi."

Da wani mutum ne, a nan zai sunkuyar da kai. Tasi'u kuwa sai ya shiga gonar yana harbi da duwatsun yana ture su daga kan kwanon, yana cewa in duwatsu ne matsalar ga su nan ya cire, a sake dubawa. Ya ɗaga tayar ya wurgar. Duk hankalinmu yana kansa, ba wanda ya lura gabas ta yi baƙi ƙirin sai da ƙura ta buge mu a fuska. Falle na farko ya ɗaga ya yi sama. Na biyu ya bi shi. Mata suka kwasa da gudu, maza muka kwanta a kunyoyin gona muna kare kai, kwanon Furera yana wucewa ta samanmu yana ƙara, wasu suka tsallake kukar bakin hanya, wasu suka faɗa kududdufi. Tasi'u ya bi su da gudu, babbar riga ta cika da iska, yana juyowa yana ihu.

"Ga ta nan! Hajiya rubuta, iska ce, kin gani da idonki!"

Ramlat tana riƙe da hijabinta a jikin mota ta ce, "Na gani, Baba. Amma rufin da ke kan ɗaki muka yi wa inshora, ba wanda ke kwance a gona ba."

Ta shiga mota, sama ta ɓalle da ruwa. An yi awa biyu ana zuba shi, ya cika ɗakin da babu rufi har ya fito ta ƙofa ɗauke da tabarma da fayil ɗin Manaja.

Washegari muka fita tsintar kwano, don al'ada ba ta fushi ko da mu mun yi. Falle huɗu muka samu, sun murɗe kamar an matse wanki. Iliyasu ya duba ya ce ko kejin kaji ba za su rufa ba, kuma shi ba zai sake hawa ɗakin nan ba sai ya ga sabon kwano a ƙasa da alkawarin Tasi'u a gaban liman. Ni da na rantse ba zan ƙara taimaka masa ba, da na ga wani hadarin yana haɗuwa sai zuciyata ta karye. Na ɗauko tanfol ɗina shuɗi na ara masa, muka shimfiɗa a kan katakon, muka danne da duwatsun nan dai, muka nemo tayar muka ɗora a tsakiya. Furera ta leƙo ta taga ta duba, ta ce ita kwano aka yi mata alkawari, tana nan inda take. Har yau keken ɗinkinta a ɗakinsa yake ƙara, shi kuma yana can ƙarƙashin tanfol da roba uku.

Kwanan baya wani baƙo mai sayen awaki ya zauna a majalisarmu, ya hango shuɗi a saman gidan, ya tambayi ko ɗakin wane ne. Tasi'u ya gyara zaman biro a aljihunsa ya ce, "Nawa ne. Tambaye su, tun kafin damina na gaya musu shuɗi zan yi."

Na ɗaga kai na dubi shuɗin nan. Kaka dai tana tafe, kuma a kan tanfol ɗin nan nake shanya masarata.